Bashin Kwana 90

Ɗana, 'yata, akwai wani Ba'amurke da ake kira Dave Ramsey, wanda ya haura shekara 30 yana zama a ɗakin watsa shirin rediyo yana amsa kiran mutanen da bashi ya shaƙe wa wuya. Miliyoyin mutane ne ke sauraronsa, littattafansa kuma sun shiga gidaje masu yawa a Amurka. Wataƙila kun taɓa cin karo da guntun bidiyonsa a YouTube ko TikTok, dattijo mai sanƙo yana faɗa wa wani ya sayar da motar da ta fi ƙarfinsa. Guntun bidiyo ba ya nuna hanyar da mutumin ya biyo kafin ya hau wannan kujera, ita kuwa hanyar ita ce abin dubawa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

An haife shi a 1960 a jihar Tennessee, ya tashi a Antioch, kusa da birnin Nashville, a gidan da harkar gidaje da filaye ce sana'a. Yana da shekara 18 ya ci jarrabawar samun lasisin dillancin gidaje, ya karanta harkar kuɗi da ta gidaje a Jami'ar Tennessee da ke Knoxville, ya auri matarsa Sharon a 1982. Daga nan ya shiga sayen gidaje yana gyarawa yana sayarwa, wasu kuma yana zuba 'yan haya. Kafin ya wuce shekara 26 gidajen da ke hannunsa sun kai darajar dala miliyan 4. Ga mota Jaguar a ƙofar gida, ga suna a gari. Duk wanda ya gan shi a lokacin zai ce yaron nan Allah ya yi masa buɗi da wuri.

To amma a cikin miliyan 4 ɗin nan, wajen miliyan 3 na banki ne. Abin da ya fi yawan bashin haɗari shi ne irinsa. Kaso mai tsoka rance ne na gajeren zango, na kwana 90, wanda ake sabuntawa duk lokacin da wa'adi ya cika. Ma'aikatan bankin sun san shi, suna ganin yana juya kuɗin yana dawowa, saboda haka sabuntawar ba ta taɓa zama abin fargaba ba. Sai abubuwa biyu suka haɗu. A 1986 gwamnatin Amurka ta sauya dokar haraji, ta rage rangwamen da ke jawo masu kuɗi zuwa sayen gidajen haya, kasuwar ta yi sanyi. Sannan aka sayar da bankin da ya fi ba shi rance ga wani babban banki. Sababbin masu bankin ba su san Dave ba, ba su san iyayensa ba. Takarda suka buɗe, suka ga yaro matashi da bashi ya kai masa iya wuya, suka ce ya biya dala miliyan 1.2 cikin kwana 90, kamar yadda shi da kansa yake ba da labari. Ba a jima ba wani mai ba shi rancen ya bi sahu.

Gida ba buhun masara ba ne da za ka kai kasuwa da safe ka dawo da kuɗinsa da la'asar. Wanda ya san kana cikin matsi ba zai taya maka da mutunci ba. Haka Ramsey ya yi ta sayar da gidajensa a faɗuwa, ana kai shi ƙara, ana ƙwace wasu ana yin gwanjonsu, har fiye da shekara biyu yana fafutuka. A 1988 ya je kotu ya bayyana karayar arziki, yana da shekara 28, da ƙaramar yarinya da jaririya a gida. Yakan faɗa wa masu sauraronsa yadda yake shiga banɗaki ya saki ruwan zafi a kansa ya tsaya yana kuka, saboda tsoro da rashin sanin inda zai dosa.

Ina so ku lura da wani abu a nan. Mutumin nan ba malalaci ba ne, ba ɗan caca ba ne, kuma ya san sana'arsa. Abin da ya kayar da shi shi ne ya sayi abin da ba ya komawa kuɗi sai an daɗe, da kuɗin da mai shi ke iya nema gobe. Ranar biya tana hannun wani, kuma wanin nan yana iya sauyawa ba tare da an yi shawara da kai ba.

Kada ku ce wannan sai Amurka. A kasuwanninmu na sha ganin irinsa, ba tare da banki ko takarda ba. Yaro mai ƙwazo zai samu ubangida, Alhaji ya yarda da shi, yana ba shi atamfa ko shadda bashi, in ya sayar ya kawo. Shekara ta zagayo, amana ta ƙaru, kaya suka ƙaru. Yaron ya ga kuɗi na wucewa ta hannunsa kullum, ya fara ganin kamar nasa ne. Ya ɗiba ya sayi fili, ya ɗiba ya kafa gini, ya ɗiba ya yi aure, yana cewa ai Alhaji ba ya matsa masa, kuma gaskiyarsa ne, Alhaji bai taɓa matsa masa ba. Ran nan Alhaji ya kwanta dama. Bayan sadakar bakwai magada suka zauna da malamin rabon gado, aka buɗe littafi, aka ga sunansa da adadi a gabansa. Su marayu ne da iyayensu mata, haƙƙinsu suke nema, ba wanda zai ce sun yi zalunci. Amma kuɗin suna cikin bulo da ƙasa, ginin ko linta bai kai ba. Sai ka ga an sayar da kangon a rabin abin da aka kashe masa, shago ya koma fayau, mutumin da ake gaisarwa da girmamawa ya koma yana sauya hanya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ku kuma zamaninku ya kawo muku mai ba da bashin da ba shi da fuska ko kaɗan. Manhaja ce a waya, cikin minti kaɗan kuɗi sun shigo asusu, ba jingina, ba mai tsaya maka. Wa'adin mako ɗaya ko biyu, kuɗin ruwa mai nauyi, kuma tun wajen latsa amincewa ka ba su izinin ganin lambobin duk mutanen da ke wayarka. Ranar da ka makara, saƙo zai tafi wa surukinka da malaminka da tsohon abokin karatunka cewa kai macuci ne. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a 2022. Mafi munin abin da nake gani shi ne matashi ya ciwo daga manhaja ta biyu don ya biya ta farko, ya ciwo daga ta uku don ya biya ta biyu. Idan kana kan wannan hanya, ɗana, tsaya a inda kake yau, ka faɗa wa wani babba da ka yarda da shi. Kunyar faɗa wa mutum ɗaya ta fi sauƙi a kan wadda ke tafe.

Abin da ya sa na zaɓi labarin Ramsey ban zaɓi na wani attajirin da bai taɓa faɗuwa ba shi ne abin da ya yi bayan faɗuwar. Kirista ne mai riƙo da addininsa, sai ya koma yana bin abin da littafinsu ya ce game da dukiya, yana karanta rubuce-rubucen wani malamin harkar kuɗi mai suna Larry Burkett, yana kuma tambayar tsofaffin da suka tara abin hannunsu suka riƙe shi. Ya fara zama da ma'aurata a cocinsu yana duba musu lissafin gida. A 1992 ya buga littafinsa na farko, Financial Peace, da kuɗin aljihunsa, yana sayarwa daga but ɗin motarsa. A shekarar ce ya fara shiri a wata tashar rediyo ta Nashville. A 1994 ya fara ajin koyar da iyalai, a 2003 ya fitar da The Total Money Makeover, littafin da ya fi yi masa suna. Abin da ya kunyata shi a gaban jama'a bai ɓoye shi ba, da shi yake buɗe magana har gobe, shi ya sa wanda bashi ya durƙusar yake jin zai iya kiransa. Don haka wanda ya riga ya faɗi a cikinku, kada ya ɗauka an rufe littafinsa.

Koyarwarsa ba ta da wani sirri. Farkonta rubutu ne: kafin wata ya kama, miji da mata su zauna su rubuta abin da zai shigo, su ba kowane kwabo aikinsa a takarda har ya zama ba saura. Sannan a raba tsabar kuɗi cikin ambulan-ambulan, a rubuta a bayan kowace: cefane, man mota, sutura. Idan ambulan ɗin cefane ta ƙare ran 24 ga wata, ba a taɓa ta kuɗin makaranta, sai a dafa abin da ke cikin gida. Hikimar ita ce hannu yana jin fitar takardar kuɗi, ido yana ganin ambulan tana ramewa, alhali tura kuɗi ta waya ba ya ciwo sai an duba saura. Ku da kusan komai naku ya koma tiransifa, ko asusu biyu kuka buɗe, ɗaya na hidimar gida, ɗaya wanda ba ku yawo da katinsa, kun kama hanyar.

Bayan rubutu, matakinsa na farko shi ne a tara dala 1,000 a ajiye don ko-ta-kwana, tun kafin a fuskanci bashi gadan-gadan. Dalilinsa mai ƙarfi ne. Yawancin mutane ba sha'awa ce ke mayar da su cin bashi ba, larura ce: yaro ya kwana da zazzaɓi, injin babur ya buga, mai gida ya ƙara haya. Wanda ba shi da ko sisi a gefe, kowace larura sabon bashi ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Adadin dala 1,000 nasu ne, ko a can ma ana sukar sa cewa ya daɗe bai ƙara shi ba alhali kaya sun yi tsada. Kai dai ka duba abin da zai kai mutum asibiti ya sayi magani, ko ya gyara abin sana'arka, ka sa shi ya zama naka adadin.

Mataki na biyu shi ne wanda aka fi saninsa da shi, kuma aka fi yi masa gardama a kai. Ya ce a jera basussuka daga ƙarami zuwa babba, ba tare da duba kuɗin ruwan kowanne ba. A riƙa ba kowa ɗan abin da ya wajaba, sannan duk rarar da aka samu a tattara a kan mafi ƙanƙanta har ya mutu. Abin da ake ba wancan sai a haɗa a kan na biye da shi. A ce mai shago yana bin ka naira 15,000, abokinka 60,000, ɗan'uwan mahaifiyarka 200,000. Ka kashe na mai shago a wata na farko, sunaye uku sun koma biyu, ƙarfin gwiwarka ya ƙaru. Masana lissafi suna cewa kuskure ne, wanda ya fi kuɗin ruwa shi ya kamata a fara kashewa, kuma a kan takarda sun fi shi gaskiya. Amsarsa ita ce matsalar bashi ta hali ce fiye da ta lissafi, mutum yana buƙatar ya ga nasara da wuri kafin ya gaji. Wani bincike da malamai biyu na makarantar kasuwanci ta Kellogg a Jami'ar Northwestern suka wallafa a 2012 ya ba shi goyon baya, domin sun ga masu rufe basussuka ɗaya bayan ɗaya sun fi kaiwa ƙarshe.

Ni ina tare da shi, har da wani dalilin da bai kawo ba. A wurinmu ƙaramin bashi yawanci na ƙaramin mutum ne, mai ƙosai, tela, mai kayan miya, wanda naira 5,000 ɗin da ka riƙe masa ita ce rabin jarinsa. Shi ya fi cancanta a fara sallama. A wannan mataki, inda na saɓa masa wuri ɗaya ne: idan cikin jerin akwai bashin manhaja da ke hauhawa kowane mako, shi za ka fara tunkara ko da shi ne babba, domin ba zai jira ka gama da sauran ba.

Daga ina rarar za ta fito? Ramsey yakan ce wa masu kiransa su koma cin shinkafa da wake har sai sun fita, su sayar da abin da za su iya sayarwa, su nemi aiki na biyu. A nan ne abin yake yi wa matasa ɗaci, domin ba yunwa ake tsoro ba, idon mutane ake tsoro. 'Yata, ke na fi tausaya wa a wannan gaɓa. Biki huɗu a wata, kowanne da ankonsa, da ɗinki, da gudummawa, da kwalliya, ga wayar da ƙawaye suka sauya. Na ga yarinya mai sana'ar hannu tana kwasar adashinta, kuɗin da ta yi niyyar sayen keken ɗinki na biyu, ta ƙarar da shi a bikin da ko amaryar ba ta tuna wa ya zo ba bayan wata guda. Ki zaɓi bikin da ya zama dole, ki je sauran da kayan da kike da su, ki yi wa amarya addu'a da zuciya ɗaya. Wadda za ta yanke ƙawance saboda yadi shida, da ma can ba da ke take ƙawancen ba.

Sauran matakansa su ne tara abin da zai riƙe gida wata 3 zuwa 6, zuba kashi 15 cikin 100 na abin da ake samu don tsufa, tanadin karatun yara, biyan bashin gida da wuri, sannan tara dukiya da yawaita kyauta. A nan sai kun yi tankaɗe da rairaya, domin an ɗinka rigar ne a jikin Ba'amurke. Shi yana magana da mutanen da kuɗinsu ba ya zubewa da sauri. Mu kuwa mun ga yadda naira ta faɗi bayan an sake ta a Yunin 2023, mun ga hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Kuɗin wata shida da aka bari kwance a irin wannan yanayi, kafin shekara ta zagayo ba za su riƙe gida wata shidan ba. Saboda haka kuɗin ko-ta-kwana su zauna kusa da hannu, abin da ya haura su kuma a sa shi cikin abin da ka fahimta, kayan sana'arka, ko dabba, ko hatsi in ka san ajiyarsa. Mai gudun kuɗin ruwa ma yanzu yana da ƙofofi: bankin Musulunci na Jaiz ya fara aiki tun 2012, wasu sun biyo baya, gwamnatin tarayya kuma ta fara fitar da sukuk, takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, a 2017.

Haka batun dangi. Albashin ɗan Bahaushe ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai iyaye, akwai ƙanne, akwai gwaggon da ba ta da kowa. Ba zan ce ku jira sai kun yi arziki kafin ku duba su ba, Allah ya kiyaye. Ku dai ba zumunci ambulan ɗinsa tun farkon wata, da adadin da kuka san za ku iya, don kada kunyar cewa babu ta tura ku ciwo bashi ku yi kyauta da shi.

Akwai kuma bambancin da ya fi duk waɗannan nauyi. Ramsey ya samu ƙofar kotu, dokar ƙasarsu ta ba shi damar sauke kayan ya sake sabon lale. Musulmi ya san nasa bashin ba ya ƙarewa a kotu. Ana sanar da shi a wurin jana'iza, ana fitar da shi kafin a raba gado, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da wa'adinsa da kafa shaidu ta sauka. Abin mamaki ne yadda muke jin nauyin cewa a rubuta, wai kada a ce ba mu yarda da juna ba, alhali rashin rubutun ne ke raba 'yan'uwa.

Ban ce kowane bashi guba ne ba. Shi Ramsey ya tsananta, in ban da na sayen gida ba ya sassauta wa kowanne, har almakashi yake sa wa katunan cin bashi a gaban jama'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mu mun san 'yan kasuwa da yawa da kayan amana suka tashe su, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kafin ka karɓa dai ka tambayi kanka: yaushe ne ranar biya, wa ke da ikon matso da ita, kuma abin da zan sa kuɗin a ciki zai koma kuɗi kafin ranar? In kaya ne masu fita cikin mako biyu kuma wa'adinka wata ne, bismillah. In fili ne ko lefe ko waya, ka san amsar.

Shi kansa mai nasihar, kada ku ɗauke shi waliyyi. Kamfaninsa, Ramsey Solutions, da ke garin Franklin, babban kasuwanci ne mai ɗaruruwan ma'aikata, yana sayar da littattafai da azuzuwa, yana karɓar kuɗin talla da na tura masu sauraro wurin dillalai. Masana da dama sun soki yadda yake sa wa mutane ran samun ribar kashi 12 cikin 100 a shekara daga hannun jari, suna cewa lissafin ya yi zaƙi. A 2023 wasu masu sauraronsa sun kai shi ƙara kan wani kamfani da ya daɗe yana tallatawa, wanda suka ce ya karɓi kuɗinsu bai yi musu aikin ba. Idan wanda ya ɗanɗana karayar arziki da kansa zai iya shiga irin wannan, ina ga yaron da ya yi hayar mota ya ɗauki bidiyo yana cewa ku biya ku shiga ajinsa na sirrin kuɗi? Mun ga damfarar MMM a 2016, mun ga ta CBEX a 2025, kuma a duka biyun mutanen da aka sani aka yarda da su ne suka riƙa jawo 'yan'uwansu ciki. Duk mai ba ku shawarar kuɗi, ku binciki wa ke biyansa, da abin da zai samu in kun bi maganarsa. Abin da ya fi amfani a koyarwar Ramsey, wato rubutu da ajiya da biyan bashi bi da bi, ba ya buƙatar ku ba shi ko kowa sisin kwabo.

Yau da dare, bayan lisha, ka ɗauki takarda da biro ka rubuta sunan duk wanda ke bin ka, har wanda kake fatan ya manta. In kana da iyali, ku rubuta tare, domin ita ma akwai na mai kayan miya da ba ka sani ba, kai ma akwai naka da ba ka faɗa mata ba. Gobe ka je wurin na farko a jerin da ƙafarka, tun bai aiko ba. Ka roƙe shi ya buɗe littafinsa ka kwafi adadin, saboda sau da yawa abin da ke rubuce a wurinsa ya fi wanda ke kanka. Sannan ka faɗa masa abin da za ka kawo ranar Juma'a, adadin da ka tabbata kana da shi, ko da bai kai rabin wanda kake jin kunyar faɗa ba.